Ƙasar Lalle da Fentin Gwangwani

Kudu kaɗan da garin Dakoro, a cikin jahar Maraɗi, akwai wani gari wanda sunansa ya fi girmansa nauyi, wato Birnin Lalle. A nan ne Gobirawa suka kafa gadon sarautarsu bayan sun baro Azbin, tun ba a san da Alƙalawa ba, wadda ta faɗi a shekarar 1808, balle Tsibiri da aka kafa a wajajen 1836. A yau gari ne na manoman gero da wake, ba nisa da layin nan da dokar 1961 ta shata a matsayin inda noma zai tsaya a bar wa makiyaya sauran. Masana tarihi sukan zo masa da tambayar sarakuna da yaƙe-yaƙe. Amma kunnen Bahaushe, da zarar ya ji sunan, abin da yake kawo masa a rai shi ne ganyen nan da ake dakawa a kwaɓa, a ƙunsa wa amarya a hannu da ƙafa. Gari ne mai sunan launi. Saboda haka babu inda ya fi shi dacewa a tsaya a auna wata koyarwa da ke ƙwanƙwasa ƙofar makarantu da ƙungiyoyin raya al'adu, koyarwar da ke cewa a fitar da yara daji su koyi zane daga halittun Allah.

Tsarin koyarwar ba shi da wuyar bayani. Ana shirya zama na kwana ɗaya ko biyu, irin wanda masu jin Faransanci ke kira atiliye. Da safe a fita bayan gari, a yi tafiya a hankali ba surutu, kowa ya natsu ya dubi ganye da gajimare da sawun tsuntsu. In an dawo a raba takarda da buroshi da fenti, kowa ya zana abin da ya gani. Masu yaɗa ta suna cewa tana kaifafa ido, tana kuma kwantar da zuciya.

Koyarwar tana da iyaye biyu, kuma ya kamata malami ya san su kafin ya karɓe ta. Na farko masu zanen Faransa ne da suka taru a ƙauyen Barbizon, a bakin dajin Fontainebleau, tsakanin 1830 da 1870, irin su Théodore Rousseau da Jean-François Millet, waɗanda suka ƙi zaman ɗaki suka fita suna kallon itatuwa ido da ido. Ƙaunarsu ga dajin ta kai ga hukuma ta keɓe fiye da hekta 1,000 daga cikinsa a 1861, ta hana sara, domin kyansa kawai. Na biyu kuwa hukumar gandun dajin Japan ce, wadda a 1982 ta fara kiran mutanen birni da su riƙa shiga daji don hutun rai, ta kuma ba abin suna mai ma'anar wankan daji. Sai dai akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Abin da ya sauƙaƙa wa mai zanen Turai fita daji da kayan aikinsa shi ne ɗan bututun dalma mai ɗauke da fenti, wanda wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro a 1841. Ashe zanen sararin Allah na Turawa ɗan masana'anta ne. Mai zanen yana zuwa daji da launinsa a aljihu. Abin da yake nema a wurin itace shi ne siffarsa.

Kafin suka, a ba koyarwar haƙƙinta. Duk malamin da ya taɓa cewa ƴan aji su zana itace ya san abin da zai biyo baya: sanda a tsaye, da ƙwallon kore a kanta. Wannan itacen ba ya tsirowa a ko'ina cikin gundumar Dakoro, a littafin karatu kaɗai yake. Yaron da ya zana shi yana wuce gawo kullum a hanyar gona, ya kuma san cewa gawo yana zubar da ganyensa da damina, lokacin da komai ke kore, ya tofo da rani sa'ad da sauran suka bushe. Ya san wannan a gida, amma da ya riƙe fensir sai ya manta, domin makaranta ta koya masa cewa abin da ya sani daban, abin da ake zanawa daban. In fitar nan ta sa yaro ya zana gawo tsirara a tsakiyar gero mai kore shar, to ta biya kuɗin sabulunta.

Matsalar tana farawa ne a lokacin da aka dawo aka buɗe gwangwanin fenti.

A ƙasar Hausa mai sana'ar launi yana da wata hulɗa da daji wadda Barbizon ba ta sani ba. Shi ba ya tsayawa gaban itace ya kwaikwayi surarsa. Yakan tsinko shi, ya daka, ya jiƙa, ya tace, sai itacen ya zama launin da kansa. A dubi aikin fata, wanda jar akuyar Maraɗi ta yi wa suna har ƙetaren hamada. Majemi yana jeme fatar da kwasfar bagaruwa. Baduku ya karɓa, ya fitar da ja daga karan dafi, wato irin dawar nan da ake shukawa don ɓawon karanta, ya motsa shi da ruwan toka ko kanwa. Rawaya ya samo ta daga gangamau. Baƙi kuwa, wanda ake kira kuloko, ruwa ne da aka jiƙa ƙarfe ko kashin maƙera a ciki har ya yi tsami. A kwano ba shi da wani baƙin kirki, amma da ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ya rine nan take, domin sinadarin bagaruwar da ƙarfen ne suka haɗu. Baduku bai karanta kimiyyar haɗa sinadarai ba, amma kullum ita yake yi. Jakar da ya ɗinka ba ta ɗauke da hoton bagaruwa. Bagaruwar ce a jikinta.

Ko inda aka ɗauko siffa daga halitta, ba a barin ta yadda take. Dagi a asali tafin ƙafar zaki ne ko damisa ko kyanwa, amma dagin da ke jikin riga da bangon soro ƙulli ne wanda ba a gane farkonsa balle ƙarshensa. An cire dabbar, an bar sarƙaƙiyar. Wannan yana da amfani ga malamin da ke aiki a garin da wasu iyaye ba sa sakin jiki da zanen abu mai rai: al'adar ta daɗe da samun hanyar da za ta ɗauki daji ba tare da ta shiga wannan gardama ba.

Abin da ya fi wannan zurfi shi ne cewa kowane launi a nan yana da wa'adinsa, kuma mai sana'a ne ke zaɓar wa'adin. Malamin allo yana da tawada iri biyu. Akwai ta zuge, wadda ake haɗawa da baƙin itacen da aka babbake da ƙaro. Ita ce ta allo, domin ruwa yana ɗauke ta, almajiri ya wanke ya sake rubutu. Akwai kuma yambari, ta bagaruwa da ƙarfe, wadda ke kama takarda ta zauna. Ita ce ta littafin da ake so jika ya gada. Lalle yana tsakanin biyun. Sinadarin da ke cikin ganyensa yana manne wa saman fata da farce, shi ya sa sabulu ba ya fitar da shi, sai dai fatar ta sabunta kanta cikin mako biyu ko uku, na farce kuwa sai farcen ya tsiro an yanke. Tsohuwar da ke zura hannun yarinya cikin zunguru ta san cewa aikinta ba zai kai wata ba, kuma wannan bai taɓa rage mata kulawa ba. Ƙunshin amarya yana dushewa daidai lokacin da amarcin ke zama aure. Zaman koyon zane na zamani bai san wannan lissafi ba. Ƙarshensa kullum ɗaya ne: takarda a manne a bango, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto. Yana koya wa yaro cewa abin da ba a rataye ba ba zane ba ne, alhali rabin zanen ƙasarsa an yi shi ne don ya shuɗe.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar a fuskar samarin Woɗaaɓe, waɗanda Hausawa ke kira Bororo, masu kiwo a arewacin Dakoro da kwarin Tarka. A ƙarshen damina, lokacin rawar yake da gerewol, saurayi yakan shafe fuskarsa da garin ƙasa rawaya ko ja, ya ja farin layi daga goshi zuwa haɓa, ya baƙanta leɓe da gefen ido domin farin haƙori da na ido su fito. Aiki ne na sa'o'i a gaban ɗan madubi, kuma zufa da dare ɗaya sun isa su share shi. Duniya ta san wannan fuska ta hanyar littafin hotunan Carol Beckwith da Marion van Offelen na 1983, da fim ɗin Werner Herzog na 1989. Hotunan suna da kyau ƙwarai, ba mai musu. Amma kyamara ta yi musu abin da takardar bango ke yi: ta daskarar da abin da aka yi don ya narke. Herzog ma har ya ɗora wa rawar waƙar cocin Turai, kamar dai fuskar ba za ta iya magana ba sai an ara mata murya. Mai kallo yana fita da mamakin ido da haƙori, ba ya tambayar daga wane rami aka haƙo ƙasar nan mai launi, ko kwana nawa aka yi tana cikin jaka ana jiran ranarta. Aikin Mette Bovin na 2001, wanda ya fito daga doguwar zama da mutanen, ya fi kusantar da mai karatu ga kayan kwalliyar da ma'anarsu, ko da yake bai kai waɗancan shahara ba.

Masu zanen Afirka da suka yi karatun boko sun taɓa tsayawa a wannan mararraba, kuma amsa biyu da suka bayar sun cancanci a gwama su. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suna neman a haɗa dabarun Turai da gadon gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da ruwan ƴaƴan wani tsiro, ya ɗauko lanƙwasar layinsa ya kai ta takarda da alƙalami da tawadar kanti. Ya yi abin a zo a gani, ya kuma haifar da makaranta guda a Nsukka. Amma layin ya ɗauka, tsiron ya bar wa matan ƙauye. Shekara 20 bayan haka, a 1978, wasu matasa da suka fito daga makarantar fasaha ta Bamako suka kafa ƙungiyar Bogolan Kasobane, suka ajiye fentin da ake shigowa da shi daga waje, suka tafi wurin matan karkara suka koyi rinin laka. Ana tsoma farin saƙi cikin ruwan ganyen wani itace har ya yi rawaya, sannan a zana masa laka mai ƙarfe wadda ta daɗe a tulu. Inda lakar ta taɓa sai ya zama baƙi. Itacen nan da Bambara ke kira ngalama shi ne marke. Haɗuwar kuma ita ce dai ta kuloko da yambari. Daga wannan ƙungiya ne Kandioura Coulibaly ya fito, wanda ya shirya tufafin fim ɗin Guimba da ya ci babbar kyautar FESPACO a 1995.

Ga makarantar da ke Birnin Lalle, hanyar Bamako ce ta fi. Dalili na farko na aljihu ne: fenti da buroshi daga birni suke zuwa, ranar da mai tallafi ya tafi, ranar zanen ya mutu. Na biyu kuwa, hanyar Bamako tana tilasta wa ɗan boko ya durƙusa gaban wadda ba ta yi boko ba ya ce a koya masa. Sai dai labarin bogolan yana da wutsiya mai ɗaci: da ya yi kasuwa, masaƙun zamani suka riƙa buga kwaikwayonsa a kan yadi, ba marke ba laka.

A nan ne ya kamata mai sha'awar gargajiya ya ja linzami, domin shi ma yana da nasa ruɗin. Ba Bature ne ya ƙwace karan dafi daga hannun baduku ba. Da garura ta shigo kasuwa, masu sana'a da kansu suka rungume ta, don ta fi haske, ta fi sauri, ba ta jiran kaka. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuɗin masana'anta a 1897, marinar baba take ja da baya, har ta kai ga ramukan Ƙofar Mata a Kano sun fi samun ƴan kallo a kan masu kawo rini. Samarin Woɗaaɓe ma an sha ganin suna baƙanta leɓe da garin cikin tsohon batir. Kuma launin da ake kira na gida bai taɓa zama na gida duka ba: kwalli fatake ke kawo shi, baba da gangamau sun fi son ƙasar kudu mai laima, marke ma ba itacen tudun yashi ba ne. Kasuwa tana cikin launin Bahaushe tun azal. Wanda ya ce a koma jiya ɗungurungum mafarki yake yi.

Amma akwai sauyin da ya wuce maganar ɗanɗano. Baƙin lallen da ƴan mata ke yayi a biki, wanda ke kamawa cikin mintoci ya ba da fure mai siririn layi, sau da yawa babu ganyen lalle a cikinsa, ko kuma kaɗan ne. Maganin rina gashi ne mai sinadarin da likitoci ke taƙaita sunansa da PPD, wanda kan sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje, har ya bar tabo a siffar furen. Malamar da ta zaunar da ɗalibanta suka daka ganye da hannunsu, suka ga irin jan da yake bayarwa da tsawon lokacin da yake ɗauka, ta ba su ma'aunin da za su gane abin da ake shafa musu. Wannan darasin zane ne, darasin kiwon lafiya ne kuma.

Saura maganar tafiyar. Natsuwa a daji magani ne da aka haɗa wa ma'aikacin ofis na Tokiyo wanda ya shekara bai taka ƙasa ba. Yarinyar da ta fito tun asuba neman itacen girki, ko yaron da ya yini bayan awaki ƙarangiya na cin ƙafarsa, ba su rasa tafiya ba, kuma ba su rasa lura ba. Ɗan makiyayi yana bambanta sawun dabbarsa a cikin ɗari, ya san ciyawar da ke kumbura ciki. A ce masa ya yi shiru ya saurari iska, abin dariya ne. Kallon da ke neman kyau kaɗai ma yana iya zama rashin kunya. Anza tana da kyau a ido, ganyenta kore ko da bazara. Amma duk wanda ya ga shekarar 2005 a jahar Maraɗi ya san cewa ƴaƴanta ne ake jiƙawa kwana da kwanaki a zubar da ɗacinsu a ci, sa'ad da rumbu ya ƙare. Jagoran da ya tsayar da yara gaban anza yana yaba korenta, alhali iyayensu sun rayu da ita, ya nuna cewa shi ne baƙo a wurin.

Ba wai kallo ba ya sauya komai ba ne. A 1983, a yankin Maraɗi, Tony Rinaudo ɗan ƙasar Ostireliya ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka ɗauki dabarar barin toho ɗaya ko biyu suna gyara shi, abin da ake kira sassabin zamani, suka yaɗa ta gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a kudancin Nijar. Kallo ne ya fara wannan, amma kallo mai tambayar me abu yake, me kuma zai iya zama. Irinsa zaman koyon zane ke bukata. Tafiyar da za ta yi wa ɗan Birnin Lalle amfani ita ce wadda majemi ko mai ƙunshi ko makiyayi ke gaba, malamin makaranta yana baya da littafinsa yana rubuta sunaye: wannan kalgo, ga abin da ɓawonsa ke bayarwa, wannan ɗakwara, daga jikinta ƙaro ke fita, wannan aduwa. Kuma a tsaya ga kwasfa da ganye da abin da ya faɗo. Ƴan aji 60 da aka saki da wuƙa a kan ɓawon itace ɗaya sun isa su kashe shi kafin azahar.

Mai son zanen dabba ma bai rasa abin kallo ba. Arewa da gundumar akwai gandun Gadabeji, mai faɗin hekta 76,000, wanda aka keɓe tun 1955, UNESCO ta sa shi cikin jerinta a 2017, aka kuma mayar masa da raƙuman dawa 8 daga yankin Kure a 2018 bayan sun ɗauki shekaru da dama da ɓacewa a wurin. A Dabus kuwa, can ƙasar Azbin da Gobirawa suka baro, akwai raƙumin dawa da wasu mutanen da suka sassaƙa a dutse dubban shekaru kafin a san Gobir, tsawonsa ya haura mita 5. Su ma da dutsen wurin suka yi aiki a kan dutsen wurin.

Kalandar makaranta ma ta yarda da wannan tsari ba tare da an roƙe ta ba. Ana komawa aji a watan Oktoba, daidai lokacin da ake girbi, karan dafi yana samuwa. Da rani kwasfar bagaruwa ta bushe tana zuba. A dake ta a jiƙa a kwalba ɗaya, a zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa cikin ruwan tsami a wata kwalbar, a ajiye su a bayan aji na ƴan kwanaki. Ranar da za a haɗa su, a bar yaro ya ja layi da ruwan bagaruwa a kan takarda, layin da da ƙyar ake ganinsa, sannan ya bi ta kansa da ruwan ƙarfen, da alƙalamin kara irin na makarantar allo.